Aljihu Daban, Baitulmali Daban: Tarihin Lissafin Dukiya Daga Sifawa Zuwa Shagari

Wajen shekarar 1810, bayan birnin Alƙalawa ya faɗi a 1808 kuma ƙurar yaƙi ta fara lafawa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi daga Gwandu ya zauna a Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga ta yau. Ƙanensa Malam Abdullahi ya yi gida a Boɗinga, shi ya sa har gobe ake kiransa Mai Boɗinga kamar yadda ake kiransa Mai Gwandu. Ɗansa Muhammadu Bello kuwa yana can arewa kaɗan yana kafa Sakkwato. A Sifawa ne, a 1812, Shehu ya raba ɗawainiyar mulki, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi, shi kuma ya ci gaba da karantarwa da rubutu har ya koma Sakkwato a 1815.

Masu ba da tarihin wannan zamani sun fi son zancen dawaki da tutoci. Amma jama'ar da ta ci yaƙi ta wayi gari da matsalar da takobi ba ya warwarewa: dukiya ta shigo hannu. Ta wane ne? Wa zai karɓa, wa zai ajiye, a kan me za a kashe, wa kuma zai tuhumi mai ajiya? Waɗannan su ne tambayoyin da ɗalibin sakandare a Boɗinga ko Shagari yake haɗuwa da su yau a darasin lissafin kuɗi da tattalin arziki da kasuwanci, sai dai da Turanci suke zo masa, da misalan kamfanonin da bai taɓa gani ba, har ya ɗauka ilimin baƙo ne. Alhali a ƙasar da yake takawa an yi shekara fiye da 200 ana fama da su, kuma duk faman yana komawa ga ƙa'ida guda: a raba aljihun mai riƙo da dukiyar da aka ba shi riƙo, a kuma ajiye shaidar abin da ya shiga da abin da ya fita.

Ƙofofin shiga da ƙofofin fita

A littafin Kitabul Farƙi, Shehu ya jera abubuwan da sarakunan zamaninsa suke karɓa daga talakawa, da sunayensu na Hausa: kuɗin gari, kuɗin salla, jangali, gaisuwa, tawasa da ake ɗiba a wurin mahauta ran kasuwa, kamuwa wato ƙwace dabbar mutum a ɗora mata kayan sarki, da cin gadon wanda ya mutu. Wanda ya duba jerin nan da idon akanta zai ga ciwo iri ɗaya a cikinsu duka. Babu ƙayyadadden adadi, babu wanda ya san jimilla, babu kuma iyaka tsakanin abin da ke na sarki da abin da ke na jama'a. Abin da aka karɓa a kasuwa da hantsi yana iya zama kyautar maroƙi kafin la'asar.

Maimakon haka Shehu ya kawo tsarin baitulmali yadda malaman mazhabar Malikiyya suka shimfiɗa shi, ya kuma yi bayaninsa tun a Bayanu Wujubil Hijra na 1806. Ƙofofin shigar dukiya bakwai ne: humusi, wato ɗaya bisa biyar na ganima, ushiri, jiziya, harajin ƙasa, dukiyar da aka samu ba tare da yaƙi ba, rarar gado, da dukiyar da mai ita ya ɓace. Ƙofofin fita su ma a jere suke: tsaron iyaka da makamai da haƙƙin mayaƙa, sannan alƙalai da ma'aikata, da masallatai da gadoji, da mabukata. Zakka kuwa asusunta daban, domin Alƙur'ani ya riga ya ƙayyade kashi takwas na masu cin ta. Wannan shi ne abin da muke kira kasafin kuɗi a yau: a san mashiga, a san mafita, kada kuɗin wani asusu ya zurare zuwa wani.

Malam Abdullahi ya fi kowa zafi a kan wannan batu. Wajen 1807, da ya ga son duniya ya fara shiga zukatan wasu daga cikin jama'a, sai ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Mutanen Kano suka tsayar da shi, a can ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ke bayyana haƙƙoƙin da ke kan mai mulki da iyakar hannunsa a dukiyar jama'a. Bello shi ma, a Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya ɗora wa shugaba nauyin raya masu sana'a, manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da massaƙa, a wadata kowane gari da su, a gyara kasuwanni da hanyoyi, a tanadi abinci. Ɗalibin tattalin arziki zai gane darasin rabon sana'o'i da darasin ababen more rayuwa a nan, tun ba a ba su waɗannan sunaye ba.

Rubutu daban, aiki daban. Cikin ƙarni na 19 jangali da kuɗin ƙasa da gaisuwa sun dawo a masarautu irin su Kano da Katsina da Zazzau, kuma kaso mai yawa na arzikin daular ya tsaya ne a kan gumin bayi da ke noma a rinji da gandayen manya. Duk da haka ma'aunin da aka kafa ya zauna. Daga lokacin duk mai riƙon da ya zura hannu ya san akwai littafin da za a buɗe a ce masa ya saɓa.

Makarantar zakka da tabarmar ƙirga

Talaka bai koyi lissafi daga littattafan mulki ba. Ya koye shi a bakin rumbu. Idan an gama girbi an ɗaure gero, mai gona yakan tsaya yana ƙirga damma, tara su nufi rumbu, na goma a jingine shi gefe. Amfanin da ruwan sama ya shayar ɗaya bisa goma ne, wanda aka sha wahalar ban-ruwa a fadama rabin haka, muddin ya kai nisabi. Makiyayi ya san shanu 30 suna fitar da ɗan maraƙi, tumaki ko awaki 40 suna fitar da guda.

Lissafin ɗan kasuwa ya fi zurfi. Fiƙihun Malikiyya ya bambanta mai ajiye kaya yana jiran tsada da mai juya kaya kullum. Shi mai juyawa, sau ɗaya a shekara sai ya zauna ya ƙirga tsabar kuɗin da ke hannunsa, ya yi wa hajar da ke rumfa kuɗi bisa farashin ranar, ya haɗa da bashin da yake bin mutane wanda yake sa ran za a biya, ya cire wanda ake bin sa, sannan ya fitar da ɗaya bisa arba'in na abin da ya rage. Akantan zamani ba ya yin wani abu da ya wuce wannan idan shekara ta ƙare: ƙidayar kaya, kadara, bashi, sannan ainihin abin da ke na mai kasuwa. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kuma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Almajirin da ya sauke ya riga ya karanta tushen ajiye bayanan ciniki.

Kuɗin zamanin wuri ne, wanda asalinsa daga tsibiran Maldibs na Tekun Indiya ake kawo shi. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma zo Wurno da Sakkwato da Gwandu a 1853, ya tarar ana canjin dala guda ta azurfa a kan wuri 2,500 a Kano. Ƙirga wuri sana'a ce mai zaman kanta. Mai ƙirga zai zauna a tabarma, a zazzage masa tuli a gabansa, ya riƙa jawo biyar-biyar da yatsunsa cikin sauri, ashirin hauya, ɗari zangu, yana tara ƙananan tsibi har su kai dubu, yana ture su gefe. In sun kai zambar ashirin a ɗinke su a keso. Mai saye da mai sayarwa duk suna zaune idonsu a kan yatsun, domin babban ciniki yana iya cinye yini ana ƙirga.

Wurin nan ya koya wa kakanninmu hauhawar farashi tun kafin a haifi naira. Daga tsakiyar ƙarni na 19 'yan kasuwar Turai, musamman na Jamus, suka riƙa jibgo wani nau'in wuri mai araha daga gaɓar Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Kuɗi ya yi yawa, kaya ba su ƙaru ba, daraja ta zube. Kafin ƙarnin ya ƙare, ladan ɗaukar wuri zuwa gari mai nisa yana neman cinye wurin kansa.

Gandu, ayari da gidan fatoma

Yadda ake tsara kasuwanci ma yana da tsohon tarihi a wannan hanya da ta fito daga Sakkwato ta bi Boɗinga da Shagari da Tambuwal ta nufi Jega. Gandu shi ne kamfanin iyali: maigida ke riƙe da gona da rumbu, shi ke ciyarwa da biyan haraji da yi wa samari aure, 'ya'ya da ƙanne suna ba da ƙarfinsu. Amma kowannensu yana da gayauna, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Ko a cikin gida ɗaya an san rumbun gandu daban, na gayauna daban.

Ayarin fatake da ke zuwa Gwanja sayen goro, ɗauke da tufafi da kanwa da jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato, taron masu jari ne daban-daban ƙarƙashin madugu guda. Kowa da hajarsa da jakunansa, amma kuɗin fito da na sarakunan hanya madugu ke sasantawa, a raba wa kowa gwargwadon kayansa. Attajirin da ba zai iya tafiya ba yakan ba yaronsa jari bisa sharaɗin a raba riba, in kuma hasara ta zo ba da sakacin yaron ba, mai jari ke ɗauka. Littattafan fiƙihu suna kiran wannan kiradi. A zango kuma akwai fatoma, mai saukar da baƙi, wanda ke ajiye musu kaya da kuɗi ya tsaya musu lamuni, da dillali mai haɗa ciniki ya ci la'ada. Mata a cikin gida suna tara jarin ƙuli-ƙuli da fura da kaɗi ta hanyar adashi. Mai kasuwancin kansa, tarayya, wakilci, banki, ƙungiyar gama kai: duk babin da ke littafin ɗalibi yana da kaka a nan.

Garin Shagari, wanda Ahmadu Rufa'i ya kafa, yana kan wannan hanya. Jikansa Aliyu manomi ne, makiyayi, ɗan kasuwa, amma da aka naɗa shi Magajin Shagari sai ya janye hannu daga harkar fatauci, domin al'ada ba ta yarda mai sarauta ya riƙa gogayya da talakawansa a kasuwa ba. A gidansa aka haifi Shehu Shagari ranar 25 ga Fabrairu, 1925.

Baitulmalin En'e

Turawa sun ci Sakkwato ranar 15 ga Maris, 1903. Cikin 'yan shekaru suka haɗe kuɗaɗen da ake karɓa suka mayar da su haraji da jangali, suka kori wuri da sule da kwabo da anini. An fara gwada baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya, a Katsina zamanin Razdan Palmer, zuwa 1911 tsarin ya bazu a masarautun Arewa. A yawancinsu rabin haraji na gwamnati ne, rabi na En'e. Sarki da hakimi da alƙali da dogari kowa aka yanka masa albashi, Ma'aji ya riƙe littafi, ana tsara kasafin shekara, mai binciken kuɗi yana zagayowa. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, malamin haraji yana rubutawa yana yanka rasit.

Ta fuskar littafi an samu tsari. Ta fuskar talaka kuwa, dole ya nemo tsabar kuɗin Bature ko ta halin ƙaƙa. Wannan ya tura manoma ga auduga da gyaɗa, ya tura dubban samarin lardin Sakkwato ci-rani zuwa Kurmi da Gwalkwas da zarar an kawar da amfanin gona. Jirgin ƙasa ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, bai ƙaraso Sakkwato ba, saboda haka manomin Boɗinga ya fi na Kano shan wahalar kai kaya kasuwa. Mai biyan harajin kuma ba shi da ikon buɗe littafin Ma'aji ya ga inda kuɗinsa ya tafi. Ga Razdan ake kai bayani. Littafi yana iya daidaita har kwabo, alhali wanda ya zuba kuɗin bai san komai a kai ba, kuma lissafin da mai dukiya ba ya gani bai cika amana ba.

Ɗan Shagari a ma'aikatar kuɗi

Shehu Shagari, yaron da aka haifa a gidan Magaji, ya yi elementare a Yabo, midil a Sakkwato, sannan Kwalejin Kaduna, ya fito malamin makaranta. Ya shiga Majalisar Wakilai a 1954, ya riƙe ma'aikatu da dama a jamhuriya ta farko, ciki har da ta raya tattalin arziki. A 1971 Janar Yakubu Gowon ya ba shi ma'aikatar kuɗi ta tarayya bayan Cif Obafemi Awolowo ya sauka, ya riƙe ta har 1975.

A zamaninsa ne, ranar 1 ga Janairu, 1973, naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule. Fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma, jaka guda ta fam 100 ta koma naira 200. Lissafi ya yi sauƙi, domin an rabu da tsarin kwabo 12 sule guda, sule 20 fam guda. A ƙarshen shekarar farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a duniya, ya ninka kusan sau huɗu cikin 'yan watanni, a daidai lokacin da fari ke cinye amfanin gona da dabbobi a Arewa. Kuɗi ya cika baitulmalin tarayya. Ƙarin albashin ma'aikata da aka fi sani da Udoji ya zo da bashin watannin baya, ma'aikata suka ruga kasuwa, farashi ya haura da fiye da kashi 30 cikin 100 a 1975. Abin da wurin Zanzibar ya yi wa kakanni, kuɗin mai ya maimaita wa jikoki.

Da Alhaji Shehu Shagari ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoba, 1979, mai yana da tsada, aka tsara manyan ayyuka bisa zaton haka za a dawwama: Abuja, ƙarafan Ajakuta, shirin bunƙasa noma na 1980. A 1981 kasuwar mai ta cushe, abin da Nijeriya ke haƙowa ya faɗi ƙasa da rabi cikin 'yan watanni, shigo da shinkafa da sauran kaya kuwa bai ragu ba. A Afrilun 1982 aka kafa dokar tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya, masana'antu suka rasa kayan aiki, albashi ya fara makara a jihohi. Sojoji suka karɓe mulki ranar 31 ga Disamba, 1983. Shi Shagari kansa daga baya ya koma gida ya yi zaman da mutane suka shaida na rufin asiri har rasuwarsa ranar 28 ga Disamba, 2018, amma zargin wawure dukiya ya dabaibaye da yawa daga cikin 'yan siyasar zamanin. Darasi biyu ne a nan ga ɗalibi. Ƙasar da ke da ƙofar shiga guda tana cikin haɗari, kuma tsabtar hannun shugaba ita kaɗai ba ta tsare baitulmali sai da tsarin da ke bin kowane kwabo.

Abin da ya rage ga ɗalibi

Tsarin rubuta kowane ciniki sau biyu, inda kuɗi ya fito da inda ya shiga, wani malamin lissafi ɗan Italiya, Luca Pacioli, ya fara buga bayaninsa a Banis a 1494, bayan 'yan kasuwar ƙasarsa sun daɗe suna aiki da shi. Ilimi ne mai amfani, ya kamata a koye shi da kyau, kuma ba shi da wuya in an kawo shi bakin kasuwa.

A ɗauka mai sayar da hatsi yana da jarin naira 500,000, ya ranto 200,000 wurin ɗan'uwansa. Dukiyar kasuwarsa 700,000 ce, amma tasa a ciki 500,000. Ya sayi buhu 10 na gero a kan 60,000 kowanne, ya biya mota da 'yan dako 20,000. Ya sayar da kowane buhu 68,000, ya karɓi 680,000. Yanzu akwai 760,000 a hannunsa, ribarsa kuwa 60,000 ce kacal. In ya ga kuɗi a aljihu ya zari 90,000 ya yi hidimar suna, ya ci 30,000 daga uwar kuɗi bai sani ba. In kuma ya koma sari ya tarar buhu ya kai 66,000, ribar nan gaba ɗaya ta tafi wurin mayar da buhu goman da ya fara da su. Haka jari ke narkewa a hannun mutanen kirki, masu ƙwazo, waɗanda ba su ci haram ba, don kawai aljihun cefane da na kasuwa guda ne.

Dokar kamfanoni ta 2020 ta ba mutum ɗaya damar yi wa ƙaramin kamfani rajista shi kaɗai, ya zama dukiyar kamfani daban, tasa daban. Wayar hannu tana ajiye bayanin kowane kuɗi da aka tura. Kayan aiki sun samu. Abin da ya rage shi ne malamai a Boɗinga da Sifawa da Danchadi da Shagari da Dandin Mahe da Kajiji su fara darasin daga abin da yaro ya sani, su yi masa bayani da Hausa kafin su ba shi kalmar jarrabawa, su sa shi ya riƙe littafin sana'ar mahaifiyarsa ko rumfar mahaifinsa na zango guda, ya kawo a duba. Yarinyar da ta iya fitar da ribar ƙuli-ƙulin gidansu, ta ware ta daga jari, ita ce gobe za ta iya karanta kasafin ƙaramar hukuma ta tambayi inda kuɗin rijiya da na asibiti suka shiga. Al'ummar da 'ya'yanta suka iya wannan tambaya, mai riƙon dukiyarta dole ya shiga taitayinsa.